Masu sauri sun gaji da jira, Hajiya ta yi fushi

Assalamu alaikum Anti. Mu matan unguwa ɗaya ne a Kano, muka haɗa ƙungiyar tattaki saboda da yawanmu likita ya ce mu riƙa motsa jiki, wasu hawan jini, wasu ciwon suga. Ni aka ɗora wa jagoranci. Da farko abin gwanin sha'awa, yanzu kuwa rigima ta kunno kai. 'Yan matan cikinmu sai su yi gaba su bar iyaye a baya, har wata Hajiya ta daina zuwa, ta ce an mayar da ita abin kallo a titi. Su kuma masu saurin sun ce ko gumi ba sa yi. Ga makara kullum. Wasu ma cewa suke mu je mu hau Dutsen Dala. Na rasa yadda zan yi.
Ƙanwarki daga Gwale.

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka miki da alheri. Hajiya tana da gaskiya. Ki ɗauki mutum biyu ku je har gida ku ba ta haƙuri, domin saboda irinta aka kafa ƙungiyar. Budurwa mai ƙarfi a jika ko ita kaɗai za ta iya fita, amma dattijuwa mai ciwon gwiwa in ba a cikin 'yan'uwa ba, ba za ta taka ƙofar gida ba.

Daga nan ki kafa doka. In a titi ne, ke ce a gaba, ba mai wuce ki. A can baya ki sa wadda ta fi kowa ƙarfi da haƙuri, da waya a hannunta, kada kowa ya kasance a bayanta. Ki ƙirga mutanenki a wurin tashi, ki sake ƙirgawa in an dawo. Su ma masu saurin suna da haƙƙi, kada ki danne su. Ki nemi wurin da ake zagayawa, kamar Filin Sukuwa ko filin wata makaranta in an ba ku izini, su yi zagaye biyu yayin da iyaye ke yin ɗaya, a gama tare. Saurin da ake so shi ne numfashi ya ɗan hau amma kina iya hira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar, ba ta ce a yi tsere ba.

In titi za ku bi, ki fara bin hanyar da ƙafarki, a daidai lokacin da za ku riƙa fita. A nan za ki ga buɗaɗɗiyar kwata, da gidan da ake sakin kare, da inda za a zauna a huta. Motoci a Najeriya hannun dama suke bi, don haka ku kama gefen hagu kuna fuskantar abin da ke tahowa, musamman 'yan adaidaita sahu. Ku fita bayan asuba da gari ya ɗan waye, tun ba daga Maris zuwa Mayu ba, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40. Da hunturu masu asma su sa takunkumi. Mai suga ta riƙe dabino da ruwa, ta sa takalmi sau-ciki, ban da silifa, ta kuma duba ƙafarta in ta koma gida. Duk wadda ta ji jiri ko ciwon ƙirji, a tsaya nan take a kai ta asibiti.

Makara kuwa maganinta sauƙi gare shi: a jira minti biyar a tashi, ko wace ce ba ta iso ba.

Batun Dala a ajiye shi tukuna. Matakalar tana cin gwiwa, saukowa ma ta fi. In kun yi 'yan watanni jiki ya saba, a ware rana ta musamman, mai so ta hau, mai hawan jini ta fara tambayar likitanta. Yanzu dai ki je gidan Hajiya kafin fitarku ta gaba, ki rubuto mini yadda kuka yi.