DARASI: SAWUN ƊALIBI BA YA FAƊUWA ƘASA BANZA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, darasinmu na wannan fitowa a kan tafiya makaranta ne. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin Keke Napep da na bas ya yi tsada. Sai ka ga yaro ya yi fashin kwana biyu, in an tambaye shi ya ce, "Malam, Baba bai ba mu kuɗin mota ba." Alhali gidansu na Badarawa, makaranta na Unguwar Dosa, nan da can. To, haddar da ta wuce shi fa, wa zai biya masa?

LADA

Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) cewa Banu Salima sun so su taso daga unguwarsu su dawo kusa da masallacin Madina. Sai Manzon Allah (S.A.W.) ya umarce su da su zauna a gidajensu, domin ana rubuta musu ladan sawunsu. Shi Jabir ɗin nan kuwa, tafiyar wata guda ya yi har Sham don ya ji hadisi ɗaya tak daga bakin Abdullahi ɗan Unaisu (R.A.). Kai da tafiyarka ba ta kai awa guda ba, mene ne uzurinka? Gyara niyya kawai tun daga ƙofar gida.

LAFIYA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 kowace rana. Yaro lafiyayye kan ci kilomita guda cikin kamar minti 15. Ke nan wanda ke da tazarar kilomita 2, zuwa da dawowa sun cika masa wannan awa, ko kwabo bai kashe ba.

LADUBBAN HANYA

1. Ka yi addu'ar fita daga gida, ka fita da wuri, don gaggawa aikin Shaiɗan ce.
2. Ku tafi a ƙungiya, manya su riƙe hannun ƙanana. 'Yan mata su haɗu da 'yan'uwansu mata.
3. Inda babu wurin masu tafiya a ƙasa, ka bi gefen hagu, kana fuskantar motocin da ke tahowa.
4. Kafin tsallaka babban titi irin Ali Akilu ko wajen gadar Kawo, tsaya cak. Dubi hagu, dubi dama, sake duban hagu.
5. Mai keke ya bi hannun dama kamar mota. Ya gwada birki da ƙararrawa, ya duba iskar taya. Banda tsere, banda kama bayan tifa.
6. Kowa ya tsayar da mota ko babur ya ce zo in rage maka hanya, muddin ba ka san shi ba, kada ka hau.

GA IYAYE

Mun san tsoron hatsari da satar yara ke sa wasunku ɗari-ɗari, kuma da gaskiyarku. Amma maganin ba zaman gida ba ne. Baba ko Yaya ya bi yaran sau ɗaya ya zaɓa musu lungun da ya fi aminci. Makwabta su riƙa rakiyar ƙanana bi da bi, kowa ya iso gida kafin magariba. Wanda gidansa ke da nisa ƙwarai, a tara kuɗin motar a saya masa keke ko da na hannu ne. Da damina a tanadi lema, da hunturu rigar sanyi.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa aka hana Banu Salima tasowa?
2. Wane gefen titi mai tafiya a ƙasa zai bi? Mai keke fa?

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sa sawunmu a mizani, amin.