Ajayil ba aiki da ka ba ne

Ƙorafin da matasa masu haɗa manhaja suke kawo min kusan iri ɗaya ne: wata shida ana fama, kuɗi sun ƙare, babu abin nunawa. In na ce a kawo takardar da aka fara aikin da ita, sai a ce, "Ai mu Ajayil muke bi, ba ruwanmu da takardu." Wannan magana tana ƙona min rai, domin ba ta da tushe ko kaɗan.

Mutum 17 ɗin da suka taru a Snowbird, jihar Utah ta Amurka, a Fabrairun 2001 suka rubuta sanarwar Ajayil, wato salon tafiyar da aikin haɗa manhaja, ba su ce a yi watsi da shiri ba. Sun fifita manhajar da ke aiki a kan tulin takardu, sun fifita karɓar sauyi a kan nacewa ga tsohon shiri, amma nan take suka fayyace cewa shirin da takardun ma suna da darajarsu. Wannan ƙarshen ne ba a karantawa. Shi kuwa Scrum, ɗaya daga hanyoyin bin Ajayil, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, ƙa'idojinsa tsaurara ne: zangon aiki ba ya wuce wata ɗaya, taron kullum minti 15 ne, ƙungiya yawanci mutum 10 ko ƙasa da haka. Ina rashin tsari a nan?

Kafin a taɓa kwamfuta, a cika shafi guda: wace matsala za a warware, wa zai yi amfani da abin, nawa ne a hannu, da me za a gane an gama. A rubuta har abin da ba za a yi ba.

Sai babban gargaɗina. Dole a sami mutum ɗaya, ɗaya tak, mai wuƙa da nama a kan jerin ayyukan, wanda zai ce wannan ne gaba, wancan ya jira. Kwamiti ba ya riƙe wannan kujera. Abin da na saba gani shi ne, Alhaji mai kuɗin ya turo saƙon murya ta WhatsApp da sha ɗayan dare a ƙara biya da kati, da safe manaja ya ce a sauya launi, da la'asar ɗan Alhaji ya zo da tasa. Yaran kuma, don kunya da gudun ɓacin ran manya, kowa sai su ce masa to. Jirgi ɗaya, matuƙa uku. Kada ku ce to. Ku ce, "Ranka ya daɗe, mun rubuta, zai shiga jeri." Duk buƙatar da za ta rusa burin zangon da ake ciki, ta jira zango na gaba, kuma mai jerin ne zai yanke wace za ta sauka don ta sami wuri. In ba a samu wannan mutum ba, kada a fara aikin, komai matsin da za a yi muku.

Masu kwas ɗin Ajayil na kwana biyu da ke raba satifiket suna da nasu laifin. Suna koya wa yara manna takardu masu launi a allo, ba sa koya musu yadda ake ce wa mai kuɗi a'a cikin ladabi.

A ƙarshen kowane zango, mako biyu ya isa, a zaunar da mai aikin, a miƙa masa waya ya latsa abin da aka haɗa da hannunsa. A ɗaura biyan kuɗi a kan wannan zama, a kuma sa shi a yarjejeniya tun ranar farko.