Kula da Rumbun Bayanan da Ake Yawan Gyarawa

Rajistar kwamfuta irin ta yaran da gubar dalma ta shafa a Anka da Bukkuyum tun 2010, wadda sakamakon gwajin jini ke yawan sauyawa a cikinta, tana buƙatar kulawa ta musamman. Idan a manhajar PostgreSQL aka ajiye ta, duk lokacin da aka gyara layi a jadawali, wato teburin da bayanai ke jere, sabo ake rubutawa, tsohon kuma ya zauna yana cin wuri har bincike ya yi nauyi. Saboda haka ya kamata mai kula da rumbun ya bar autovacuum, wato mai share matattun layuka, a kunne, ya kuma ba kowane gwaji layinsa maimakon goge na baya, domin likita yana buƙatar tarihin jinin kowane yaro.