Zanen Mutanen Asali na Ƙasar Ostareliya

A zangon karatun da ya wuce malaminmu na zane ya ce kowannenmu ya kawo shawarar abin da za a zana a bangon ɗakin taro kafin ranar ziyarar iyaye. Ina cikin bincike a laburare sai na ci karo da wani babban littafi mai hotuna. Na buɗe wani shafi, na ga ɗige-ɗige fari da ja da rawaya kamar bayan zabuwa, da waɗansu da'irori a cikin juna. Na ce a raina, ai wannan ko ɗan aji ɗaya ya kwaikwaya. Ashe ban san abin da nake kallo ba. Abin da na koya daga baya shi nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Masu wannan zane su ne mutanen asali na ƙasar Ostareliya, waɗanda Turawa ke kira Aborijin. Su kuwa kowace al'umma da sunanta, kamar Yolngu da Warlpiri da Pintupi. Lokacin da Ingilishi suka sauka a wurin da ya zama birnin Sidni a 1788, ana magana da harsuna wajen 250 a ƙasar, masana kuma sun tabbatar mutanen sun yi shekara fiye da 50,000 a can.

Zanensu mafi tsufa a jikin duwatsu yake, kamar dai shanun nan da ke jikin duwatsun Birnin Kudu. A 2021 aka ba da labarin wani hoton kangaru, dabbar nan mai tsalle mai goyon ɗanta a jakar ciki, a rufin wani kogo a yankin Kimbali, wanda ya kai shekara kamar 17,300. Dabarar da aka bi aka gane haka ta ba ni dariya, domin zanzaro ne ya ba da shaida. Akwai gidajen zanzaro a ƙarƙashin fentin, akwai kuma waɗansu a kansa. Na ƙasa ya girmi zanen, na sama ƙanensa ne, saboda haka da aka auna shekarun duka biyun sai aka san zanen yana tsakani.

To, me suke zanawa? Bisa ga imaninsu, a farkon zamani waɗansu kakannin kakanni, wani a siffar maciji, wani kangaru, wani tururuwa, sun ratsa ƙasa, duk inda suka bi suka bar dutse ko rafi ko idon ruwa, suka kuma bar dokokin aure da na zaman tare. Warlpiri suna kiran wannan Jukurrpa. Turawa sun fassara shi da "Mafarki", amma fassarar ta gaza, don ba mafarkin barci ake nufi ba. Tarihi ne da shari'a da taswira a haɗe.

Mutanen hamada suna zana ƙasa ne daga sama, yadda shaho yake ganinta. Da'irori a cikin juna suna nufin zango ko idon ruwa ko wurin tsafi. Layin da ya haɗa da'ira da da'ira hanya ce. Mutum kuwa ba a yi masa kai da ƙafa. Ana yin wata alama ce mai kama da kofaton doki, watau shatin da mutum yake bari a rairayi idan ya zauna ya tanƙwashe ƙafa ya tashi. In an sa sandar haƙa da akushi a gefen alamar, mace ce. In mashi ne, namiji ne. Dabba ma da sawunta ake nuna ta: wata tsuntsuwa mai kama da jimina, emu, sawunta kamar kan kibiya yake. Duk wanda ya taɓa bin sawun akuyar da ta ɓace zai gane hikimar nan. Mutanen da abincinsu ya dogara ga karanta ƙasa, ƙasa za su rubuta.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka ya iya karatun ke nan. Da'ira ɗaya tana iya zama rijiya a wannan zane, ta zama wuta ko tsauni a wancan. Sai mai labarin ya faɗa. Kuma labarin hawa-hawa ne: akwai na yara da baƙi, akwai wanda sai an yi wa mutum bikin shiga manya, akwai na maza da mata ba sa gani, akwai na mata da maza ba sa gani. Mutum ba shi da ikon zana labarin da bai gada ba.

A arewa, a ƙasar Arnam, salon dabam ne. Can ɓawon itacen turare suke ɓarewa, su gasa shi a wuta ya miƙe, sa'an nan su yi zane da jar ƙasa da rawaya da farar ƙasa da gawayi, da siririn buroshi na gashin mutum. Suna jan layuka sirara masu gicciye da juna, kowace zuriya da irin nata, kamar yadda a da ake gane asalin mutum da tsagar fuskarsa. A 1963 gwamnati ta yanki ƙasar Yolngu na Yirrkala don haƙar ma'adinin da ake yin alminiyam, ba tare da ta tambaye su ba. Sai suka buga takardar koke da harshensu da Turanci, suka manna ta a ɓawon itace, suka kewaye ta da zanen zuriyoyinsu, suka aika Majalisar Dokoki a Kanbera. Rubutun na Turawa ne, zanen kuwa shi ne shaidar mallakarsu. Haƙar ba ta tsaya ba, sun kuma faɗi a kotu a 1971, amma a 1976 aka yi dokar da ta mayar wa mutanen Yankin Arewa da ƙasa mai yawa.

Ɗige-ɗigen da na gani a littafi kuwa a makaranta aka fara su a irin wannan siffa, abin da ya ƙara jawo hankalina ke nan. Papunya wani sansani ne mai nisan kilomita kamar 240 daga garin Alis Sifirin, inda gwamnati ta tara al'ummomi dabam-dabam da aka raba da ƙasarsu. A 1971 wani malami, Geoffrey Bardon, ya lura yara suna zane a rairayi, ya so a yi irinsa a bangon makaranta. Yara ba su da ikon labarin, sai dattawa suka karɓi aikin suka zana labarin Tururuwar Zuma. Daga baya hukuma ta sa aka shafe bangon da fenti, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, don dattawan sun koma zane a katako da yadi, har suka kafa kamfaninsu, Papunya Tula, a 1972. Da maƙwabtansu suka ga an fitar da abubuwan asiri kasuwa, sai rigima ta tashi. Daga nan masu zanen suka daina sa waɗansu alamomi, waɗansu kuma suka lulluɓe su da ɗigo. Watau abin da na raina, wani lokaci labule ne.

Yau kuɗi ya shigo. A 2007 an sayar da zanen Clifford Possum mai suna Warlugulong a gwanjo kan dalar Ostareliya miliyan 2.4, shekara 5 bayan rasuwarsa. Wata tsohuwa, Emily Kame Kngwarreye, ba ta fara zane a yadi da fenti ba sai da ta kusa shekara 80, amma kafin ta rasu a 1996 ta yi wajen 3,000. Inda kuɗi yake kuwa ba a rasa masu ɗauka ba sallama. A 1966 aka buga zanen David Malangi a takardar dala 1 ta ƙasar ba da saninsa ba, sai daga baya aka biya shi dala 1,000 da lambar yabo da kayan kamun kifi. A ganina abin kunya ne ƙwarai hukumar da ke hukunta ɓarayi ta yi haka. Har yanzu ana sayar wa 'yan yawon buɗe ido jabun kaya da aka yi a masana'antun ƙasashen waje.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na 1997. Mutanen wata babbar hamada ta yamma suna neman a tabbatar musu da ƙasarsu, ga shi da yawansu ba su jin Turancin kotu. Sai fiye da mutum 40, maza da mata, suka shimfiɗa yadi mai mita 8 da mita 10, kowa ya zana ruwayen da ya gada. Ranar ba da shaida, kowane dattijo ya taka kan nasa yankin ya yi bayani da harshensa. Sunan zanen Ngurrara. Sai a 2007 kotu ta tabbatar musu da ƙasar.

Da na kai nan sai na fasa kwaikwayon shafin, na gaya wa malam dalili, ya ce to in kawo nawa. Abin da na ara wurinsu kallo daga sama kawai. Na zana unguwarmu: masallaci, rijiya, marina, da turbar da muke bi zuwa gona, da sawun jakin maƙwabcinmu a kanta. Ranar ziyara mahaifina ya daɗe a tsaye gaban bangon bai ce kome ba. Can sai ya ɗora yatsa a wani fili kusa da rijiya ya ce, "Ina tsamiyar da ke nan?" Na ce ai ban taɓa ganin tsamiya a wurin ba. Ya ce an sare ta tun kafin a haife ni, amma a ƙarƙashinta kakana yake saƙa. Na roƙi malam ragowar fenti, washegari na sa ta.