Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ya Gina Borobudur, Wa Ya Rushe Shi?

Tambaya: Na ji an ce wurin ibadar mabiya addinin Buda mafi girma a duniya yana Indunusiya. To ba ƙasar Musulmi ba ce? Yaya aka yi ya kasance a can, kuma wa ya rushe shi? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malama, abin da kika ji gaskiya ne. Sunan wurin Borobudur, yana tsakiyar tsibirin Jawa, kimanin kilomita 40 daga birnin Yogyakarta. Sarakunan gidan Sailendra ne suka gina shi tsakanin ƙarshen ƙarni na 8 da farkon na 9, ɗaruruwan shekaru kafin Musulunci ya kafu a tsibirin. A wancan zamani mutanen Jawa addinin Buda da na Hindu suke bi.

Ginin kansa abin a tsaya a duba ne. Ba shi da ɗaki ko zaure da za a shiga. Tudu aka samu aka lulluɓe da dutse, hawa tara: shida na ƙasa masu kusurwa huɗu, uku na sama zagayayyu. Kowane gefe na gindinsa mita 123 ne. Ba a sa siminti ko laka ba, sassaƙa duwatsun aka yi suna kama juna. Mai ibada yakan shiga ta ƙofar gabas, ya riƙa zagayawa ginin na hannun damansa, yana hawa sannu a hankali. A bangon hanyar akwai allunan zane 2,672 da aka sassaƙa, da yawa daga cikinsu na ba da labarin rayuwar Buda da koyarwarsa. Idan ya kai sama, sai zanen ya ƙare, ya tarar da ƙubbobi 72 masu huji-huji kamar an kife kwanduna, kowace da mutum-mutumin Buda zaune a ciki.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda masassaƙan suka adana rayuwar yau da kullum: manomi da garmarsa, 'yan kasuwa, makaɗa, da jiragen ruwa masu filafilai. Daga zanen ɗaya daga cikin jiragen nan aka ƙera wani na katako, ya tashi daga Jakarta a 2003, ya ratsa ta Madagaska da Afirka ta Kudu, ya iso Ghana a farkon 2004, don a nuna irinsa zai iya wannan doguwar tafiya.

Batun rushewa kuwa, ba wata runduna da ta zo ta rushe shi. Barinsa aka yi. A ƙarni na 10 cibiyar mulki ta koma gabashin Jawa, kuma masana da dama na danganta ƙaurar da aman wutar dutsen Merapi da ke kusa. Toka ta rufe ginin, daji ya ci shi. A 1814 Gwamna Thomas Stamford Raffles, Baturen Ingila da ke riƙe da Jawa a lokacin, ya samu labarinsa daga mutanen gari, ya tura wani injiniya ɗan Holan mai suna Cornelius da ma'aikata 200 suka sare bishiyoyi suka tone ƙasa.

Tonewar ce ta jawo masa sabuwar ɓarna. Masu tara kayan tarihi suka dinga fille kawunan gumakan suna kai wa ƙasashen waje, shi ya sa da yawa daga cikin gumakan Buda 504 na wurin ba su da kai a yau. A 1896 hukumomin mulkin mallaka suka bar Sarki Chulalongkorn na Siyam, wato Tailan, ya kwashi sassaƙe cikin amalanke takwas. A ganina wannan ta fi ta Merapi ciwo, domin tokar ko ba komai ta kare zanen daga rana da hannun mutane.

Sai kuma ruwan sama, wanda ke shiga cikin tudun yana sa bango karkacewa. Wani mai suna Theodoor van Erp ya yi gyara daga 1907 zuwa 1911, amma bai magance matsalar ba. Tsakanin 1975 da 1982 gwamnatin Indunusiya da UNESCO suka kwance duwatsu sama da miliyan ɗaya, aka sa wa kowane lamba, aka wanke, aka yi magudanan ruwa a ciki, sannan aka mayar da kowane mazauninsa. A Janairun 1985 wasu suka dasa bama-bamai suka lalata ƙubbobi tara, aka gyara su. A 1991 ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya.

Yau mazauna yankin galibinsu Musulmi ne, kuma da su aka kwashe tokar da Merapi ya sake zubawa a 2010. Mabiya Buda na taruwa a wurin kowace shekara don bikin Waisak. Idan kin je, za a ba ki wani takalmi mai laushi ki saka kafin ki hau, saboda ƙafafun baƙi sun fara cinye matakalar.