Masaukin Baƙi a Sararin Sama

A shirinmu na kimiyya na yau za mu kai ku garin Friedrichshafen, a bakin tafkin Bodensee, kudancin ƙasar Jamus. A can akwai wani gidan adana kayan tarihi da ake kira Zeppelin Museum, wanda tun 1996 yake cikin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta bakin ruwa. Abin da ya fi jan baƙi a gidan shi ne wani sashe na jirgin Hindenburg, mai tsawon ƙafa 108, wanda aka sāke ginawa daidai girmansa na ainihi. Mutum yakan hau matakala, ya shiga zauren hira da ɗakunan kwana, kamar yadda matafiya suka yi a 1936.

To, yaya jirgi marar fiffike yake tashi? Ku dubi gora a bisa ruwa. Ba ya nutsewa, domin ya fi ruwan da ya ture sauƙi. Haka wannan jirgi yake iyo a cikin iska. Akan ƙera masa haƙarƙari na ƙarfe marar nauyi, a lulluɓe da ƙyalle, sa'an nan a jera manyan jakunkuna a ciki, a cika su da wata iska mai suna haidirojin, wadda ta fi iskar da muke shaƙa sauƙi kamar sau 14. Aikin injuna kuwa tura jirgin gaba ne kurum.

Wani basaraken Jamus, Ferdinand von Zeppelin, shi ya fara ta da irin wannan jirgi a bisa tafkin nan a 1900. A 1929 jirgin Graf Zeppelin ya kewaye duniya cikin kwana 21. Amma Hindenburg shi ne gagara-badau. Tsawonsa ƙafa 804 ne, jakunkunansa 16, injunansa 4. Yakan ƙetare Tekun Atlantika cikin kwana biyu da rabi, alhali jirgin ruwa sai ya yi wajen kwana biyar. Kuɗin zuwa Amurka dala 400 ne, watau tafiyar attajirai ce.

Da yake kowane nauyi abin lissafi ne, kujeru da tebura duk da alminiyam aka yi su, har da kayan kiɗan nan da ake kira fiyano. Akwai ɗakin cin abinci, da ɗakin karatu, da tagogi waɗanda akan buɗe a leƙa teku. Abin mamaki, har ɗakin shan taba akwai. Amma akan karɓe ashanar kowa tun a ƙofa, ɗakin kuma akan matsa iska a cikinsa domin kada haidirojin ta kutsa.

Dalilin wannan tsantseni shi ne haidirojin tana kama wuta nan da nan. Akwai wata iska, hiliyam, wadda ba ta ƙonewa, amma a zamanin nan Amurka ce take da ita, dokarta kuwa ta hana a sayar waje. Ranar 6 ga Mayu 1937, sa'ad da Hindenburg yake shirin sauka a Lakehurst ta Amurka, wuta ta tashi a bayansa, ta cinye shi cikin kamar rabin minti. Daga mutum 97 da ke ciki 35 suka rasu, da ma'aikaci ɗaya a ƙasa. Yawancin masana suna ganin tartsatsin lantarki ne ya kunna iskar da ta zurare. Daga nan wannan irin tafiya ta ƙare.

Duk da haka fasahar ba ta mutu ba. A 1997 wani sabon jirgi ƙarami, Zeppelin NT, ya tashi daga garin Friedrichshafen, cike da hiliyam, watau iskar nan da Hindenburg ya rasa.

Sai wani mako, idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.