Gidan Hutu da Haraji: Yadda Amurka Ke Ƙirga Kwanaki

'Yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen akanta, duk wanda ya zauna ajin haraji ya san ƙa'idar nan: ba a cire wa mutum kuɗin da ya kashe daga abin da za a yanka masa haraji sai in don neman kuɗin shigar ya kashe su. A littafi abin da sauƙi. Rigimar tana zuwa ne idan kadara ɗaya ta zama ta kasuwanci kuma ta jin daɗin mai ita. Gidan hutu shi ne babban misali: yau baƙo ne a ciki yana biyan haya ta Airbnb, gobe mai gida ne da iyalinsa. To kuɗin wuta da na gyaran rufi, na wa ne?

Amurka ta warware wannan da ƙirga kwanaki, a sashe na 280A na dokar harajinta, wanda aka shigar a 1976.

Mu fara da garaɓasar. Idan gidan da kake zama a cikinsa ne, ka ba da hayarsa ƙasa da kwana 15 a shekara, hukumar haraji ta IRS ba ta neman ko sisi daga kuɗin, ba ma sai ka rubuta su a takardar harajinka ba. Sai dai kai ma ba za ka cire kuɗin da ka kashe wajen hayar ba. Ana yi wa wannan laƙabi da dokar Ogasta, sunan wani gari a jihar Jojiya inda ake gasar golf ta Masters duk watan Afrilu. Mutanen garin kan bar wa 'yan kallo gidajensu na mako guda a kan kuɗi masu tsoka. Ni dai a ganina nan gata aka yi wa masu hali, don talaka bai da gidan da za a yi rububinsa. Amma doka ce.

Da ka kai kwana 15, labari ya canza. Dole ka bayyana duk kuɗin hayar, sannan a tambaye ka: kwana nawa kai ka yi a gidan? Idan ka wuce kwana 14, ko kashi 10 cikin 100 na kwanakin da aka yi haya a farashin kasuwa, wanda ya fi yawa a cikin biyun, to a idon doka gidan mazauninka ne, ba zallar jari ba.

Ga lissafi. A ce mutum ya ba da haya kwana 90, shi kuma ya kwana 30. Kashi 10 na 90 tara ne, don haka 14 ce iyakarsa, ya kuwa wuce ta. Jimlar kwanakin amfani 120, na haya kashi uku cikin huɗu ke nan. Idan wuta da ruwa da inshora da gyare-gyare sun ci dala 8,000, rabon haya 6,000 ne. Yanzu a ce hayar ta kawo 5,000 kacal. Ba zai ce ya yi asarar 1,000 ya je ya rage harajin albashinsa da ita ba. Iyakarsa 5,000, ragowar sai ya ɗauke ta zuwa shekara ta gaba. Da kwana 10 kawai ya yi a gidan, da rabon haya ya zama 90 cikin 100, wato 7,200, kuma wancan shingen ya tashi, ko da yake akwai wasu sharuɗɗan daban a kan amfani da asarar haya. Ka ga kwana ashirin na shan iska sun sauya lissafin gaba ɗaya.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne ma'anar kwanan mai gida. Ba sai kai da kanka ka kwana ba. Idan ƙaninka ya zo hutu, ko da ya biya cikakken kuɗi, a kanka za a ƙirga. Haka idan ka yi wa aboki farashin mutunci, ƙasa da na kasuwa. Zumunci ba laifi ba ne, amma a nan yana da kuɗinsa. Ranar da ka wuni kana gyaran gidan kuwa, fenti ne ko famfo, ba a ƙirga ta a kanka, ko da a can ka kwana. Shi ya sa mai wayo ke ajiye rasit da littafin kwanaki.

Akwai kuma jerin yadda ake cirewa idan gidan ya faɗa sahun mazauni. Ana farawa da kuɗin ruwan bashin sayen gida da harajin kadara da abin da aka kashe don hayar kaɗai, kamar talla da kamashon dillali. Sai kuɗin tafiyar da gida. Na ƙarshe shi ne raguwar darajar gini, don haka shi ya fi yawan rasa gurbi.

Wannan na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa. Ginin da doka ta ɗauka a matsayin gidan zama na haya, ana raba kuɗinsa ne a kan shekara 27 da rabi, ana cire kaso ɗaya duk shekara, alhali mai gida bai fitar da ko kwabo a shekarar ba. Fili ba ya ciki, tunda ƙasa ba ta tsufa. Amma kada a ɗauka kyauta ce. Ranar da aka sayar da gidan da riba, za a dawo da lissafin abin da aka riƙa cirewa, a yanka wa wannan ɓangaren haraji da zai iya kaiwa kashi 25 cikin 100. Har wanda ya cancanci cirewar amma ya yi sakaci bai cire ba, lissafinsa za a yi kamar ya cire.